Ƙaryar da Na Riƙa Yi wa Babanku a Kan Balaraben Nan

Rahila, Hannatu, wannan babin naku ne, kuma ina so ku karanta shi a zaune. Na gaji da jin ana cewa babanku ne ya hana ni zama nas. Gwaggonku Jummai ta faɗa a gabana, ta faɗa a bayana, ta faɗa har ranar da muka binne shi, yanzu kuma ke Hannatu na ji kin fara maimaita wa 'ya'yanki kamar wata aya. Ba haka aka yi ba. Mutumin da a lokacin ba ya iya ce wa kofi kofi, ina ya ga bakin hana wani karatu? Ni na ajiye karatun da hannuna, idona biyu, kuma da za a mayar da ni wannan shekarar, abin da zan sake yi ke nan.

Kun san babanku a matsayin direban bas a Birmingham, amma ni malamin tarihi na aura. A wata sakandare a Bauchi yake koyarwa kafin mu zo ƙasar nan, kuma duk shekarun da ya yi yana juya sitiyari bai taɓa yarda cewa ya bar aji ba. Jan biro ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Takardar council, wato hukumar gari, in ta zo sai ya gyara mata waƙafi kafin ya karanta abin da ta ƙunsa. Takardar waƙoƙin coci ma ba ta tsira ba. Shi ne kuma ya kafa doka a gidanmu na unguwar Erdington cewa Turanci za a yi da yara, wai kada Hausa ta rikita muku kai a makaranta. Na yi masa musu har na gaji. Shi ya sa kuka tashi da Turancin Birmingham zar a bakinku, Hausarku kuwa ba ta wuce ina kwana da na gode ba, sai abin da kunnenku ya tsinta in ina faɗa a kicin. Allah ya ba shi hutawa, amma a wannan ya yi kuskure, kuma na gaya masa tun yana da rai.

Ni a lokacin aikin kula da tsofaffi nake yi a wani gida da ke bayan babban titinmu. Na daɗe ina wanke mutane ina ba su abinci a baki, ina kallon yaran da a haife na haife su sun shigo da farar riga suna gaya mini abin da zan yi. Sai Yaya Jummai, yayar babanku, wadda ta riga mu zuwa kuma take aikin nas a Salford, kusa da Manchester, ta matsa mini na koma aji da yamma, na ci jarrabawar da ake bukata, har uni, wato jami'ar da ke can, suka ba ni gurbin karatun nas. Tsarin shi ne in riƙa kwana a gidanta daga Litinin zuwa Alhamis, in dawo gare ku ƙarshen mako. Babanku ya fi kowa murna. Shi ya saya mini jakar littattafai, ya yi ta yawo da takardar a garejin bas yana nuna wa abokan aikinsa. Saura mako biyu in fara, wata Talata da safe yana ɗaura igiyar takalmi, sai ya sulale daga kan kujera.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, wannan kun gani. Abin da ba ku gane ba a lokacin shi ne Turancin ya tafi gaba ɗaya. Likita in ya yi masa magana sai ya zuba masa ido kamar yana jin ƙarar ruwan sama a kan kwano. In ni na yi masa Hausa kuwa, ina ganin ya gane, amma amsar ba ta fitowa. Kalma ɗaya ta rage masa: to. Za ka ci abinci? To. Ina ke maka ciwo? To. Na rubuta wa makaranta suka ɗaga mini zuwa shekara mai zuwa, muka sauko da gadonsa falo tunda ba ya iya hawa bene, na koma aikin safe kawai. Ke Rahila kina da shekara sha shida, ke da kuka saba zama ku yi ta gardama da shi a kan komai, sai na ga kin koma ki ajiye masa shayi ki gudu sama. Wata rana ya daɗe yana fama har ya nuna miki kofin yana girgiza kai, kika tsaya kina ta tambayarsa da Turanci, yana kallonki kina kallonsa, daga ƙarshe kika fashe da kuka kika fita. Sukari ne kawai ba ki sa ba.

Littafin a jakar aikinsa na same shi, ranar da suka aiko mana da kayansa daga gareji. Ƙagaggen labari ne mai kauri, na wani Balarabe magatakarda da ya baro garinsu mai zafi ya bi 'yan kasuwa arewa yana neman ƙaninsa da aka sace, har ya faɗa hannun mutanen nan da ake kira Viking, masu jan gemu da dogayen jiragen ruwa. Babanku a lokacin hutun aiki yake karanta shi, ya ci wajen kashi biyu cikin uku, kuma gefen kowane shafi ja ne wur. Nan ya rubuta cewa marubucin bai san Larabawa ba, can ya ja layi ya sa alamar tambaya uku. Na fara karanta masa da Turanci, ya juya fuska bango. Washegari sai na tuna da aikin da na yi tun ina budurwa, lokacin da nake yi wa baƙin fastoci tafinta a cocinmu na gida. Na sa ido a kan Turancin, bakina yana fitar da Hausa. Bai juya ba. Daga ranar kullum bayan abincin rana, kafin ku dawo daga makaranta, nakan jawo kujera kusa da gadonsa in karanta shafi biyar ko shida.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko ban so littafin ba. Mutane ne da ba su da aiki sai tuƙa jirgi da shan giya da sare-sare. Amma Balaraben ya shiga raina. Tawadarsa ta daskare don sanyi har sai ya sa kwalbar a hammata kafin ya yi rubutu. Suka ba shi filafili ya yi tuƙi, hannunsa ya yi kanta ya fashe, suna yi masa dariya. Ya rasa yadda zai gane lokacin sallarsa a ƙasar da rana ta ƙi faɗuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar bas a Erdington cikin watan sanyi da takalmin da ya zo da shi daga gida ya san wannan mutumin. Muka yi wata biyu a haka, ni ina karatu, babanku yana kallon silin, in na rufe littafin ya ce to.

Sai muka zo babin wanka. Balaraben ya sauka a gidan wata mata mai tarin makullai a ɗamara, wadda ita ke juya gidan da mazan cikinsa. Don girmama baƙo suka kai shi wata bukkar katako da aka gasa duwatsu a ciki ana zuba musu ruwa, ga maza ga mata, tsoho da yaro, kowa zindir haihuwar uwarsa, suna bugun juna da ganye. Shafi huɗu marubucin ya yi yana kwatanta abin da Balaraben ya gani, bai bar komai ba. Ni 'yar mai bishara ce. Da Turanci zan iya karanta irin wannan ban ji komai ba, aikina ma ya sa na ga jikin mutane iri-iri, amma in buɗe baki in faɗa da Hausa, da rana tsaka, a gaban mijina? Kunya ta rufe ni. Na lallaɓa na haɗa shafukan na juya su tare, na gyara murya na ce washegari da safe Balarabe ya tashi ya shirya tafiya.

Sai na ji an bugi ƙarfen gado. Hannunsa na hagu ne. Fuskarsa ta murtuke irin yadda take yi in ɗalibi ya kawo masa aikin da ya kwafa. Bakinsa yana motsi, wuyansa ya yi jijiya.

"Wan," in ji shi. "Wan... wanka."

Littafin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na ce, "Baban Rahila, me ka ce?"

"Wanka. Kin... tsallake."

Wata biyar ban ji muryar mijina a kan wata kalma ban da to ba, kuma da ta dawo, faɗa ta dawo yi mini. Na yi dariya, na yi kuka, na durƙusa na gode wa Allah, shi kuwa ko a jikinsa, sai nuna littafin yake yi da yatsa. Dole na koma baya na karanta shafi huɗun nan kaf, kaina a sunkuye, ina kewaye-kewaye ina neman kalmomin da ba za su sa a kore ni daga zumuntar mata ba. Da na gama ya ce to, amma wannan to ɗin na wanda aka biya wa bukata ne.

Akwai wata Baturiya da ke zuwa mana duk mako, aikinta koya wa irinsu babanku magana. Ta yi wata da watanni tana nuna masa hoton cokali da na kyanwa bai kula ta ba. Da na ba ta labari ta ce, ko me kika yi, ki ƙara yi. Ni kuwa na riga na gane abin da na yi. Ba lallashi ke motsa babanku ba, kuskure ke motsa shi. Daga ranar na zama maƙaryaciya da gangan. Ina cikin karatu tiryan-tiryan sai in ce, Balarabe ya ɗora raƙuminsa a jirgi.

"Ba... raƙumi!"

In ce masu jan gemu sun zauna sun ci tuwon masara da miyar kuka.

"Kifi! Kifi!"

In ce matar nan mai makullai ta auri Balaraben, an yi biki kwana bakwai har da masu algaita.

"Ƙarya! Saratu, ƙarya!"

Ranar ce ya fara kiran sunana. Kalmar ƙarya kuwa ta zama wadda ta fi sauƙi a bakinsa, har maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko sunan wani ne a gidan. Ina alfahari da ƙaryata, ku sani. Ba kowace ƙarya ke aiki ba. In ta yi ƙanƙanta ba zai lura ba, in na jera su da yawa sai ya gaji ya yi fushi ya rufe ido. Na koyi in ba shi biyu ko uku a zama ɗaya, in kuma yi taurin kai in ce ai haka aka rubuta, don ya ƙara kalma a kan kalma. Kafin bazara ya kai yana haɗa kalma huɗu, biyar. Ba wanda ya koya mini wannan a aji.

Sai jan biron ya ƙare. Muka iso shafin da ya tsaya kafin ya faɗi, daga nan gefen takardar fari fat. Ban yi tunanin abin da wannan ke nufi ba sai da na ce Balarabe ya tsinci rediyo a bakin teku. Wannan ya kama, don ko jariri zai kama. Amma da na ce jirginsu ya nufi kudu alhali arewa aka rubuta, sai ya ce to. Na canja sunan tsibiri, ya ce to. Bai san abin da ke gaba ba, don haka ba shi da abin gyarawa, ƙaryar rediyo kuwa ya gane wasan yara ce, ya daina tanka mata. A cikin mako uku na ga kalmomin da muka tara suna zubewa. Ya koma kallon silin. A wannan makon ne takarda ta zo daga Salford cewa in tabbatar musu kafin ƙarshen wata ko zan zo, domin ba a ɗaga gurbi sau biyu.

Yaya Jummai ta taho ranar Asabar da jaka cike da kayan miya daga shagunan unguwar Rusholme ta can Manchester. Ba ta ko cire mayafi ba ta fara.

"Saratu, ɗakinki na nan, har sabon zanin gado na saya. Na yi magana da social worker, council za su turo carers su kula da shi sau uku a rana. Rahila ta gama exams, ba yarinya ba ce. Me kuma kike jira?"

Na ce, "Yaya, carers ɗin nan wace Hausa suke ji?"

"Hausa za su ba shi ko abinci? Ni ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ki fi ni son sa ba. Amma na ga irin wannan a ward ba sau ɗaya ba. Abin da zai dawo ya riga ya dawo. Ke kuma shekarunki ba jiran ki suke ba. In kika saki place ɗin nan na makaranta, za ki mutu kina wanke tsofaffi."

Ba mugunta ta sa ta faɗa ba, kuma rabin maganarta ya tabbata, domin a wannan gidan tsofaffin na yi ritaya. A falo muke, babanku yana ji. Sai ya miƙa hannun hagu ya jawo takardar daga kan tebur, ya tura mini ita a cinya.

"Je ki," ya ce. "Makaranta. Je ki."

Ku sake karanta wannan layin, ke musamman Hannatu. Abin da babanku ya ce ke nan, kuma ya sha wahala kafin ya fitar da shi.

Na kwana biyu ina juya abin. Ba abincinsa na ji ba, ba wankansa ba, waɗannan kowa zai iya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daga Litinin zuwa Alhamis mutumin nan zai zauna a gidan da ba mai jin abin da yake faɗa, har da 'ya'yan cikinsa. Na san in na tafi, in na dawo da farar riga bayan shekara uku, to kawai zan tarar. Ban kuma da tabbacin cewa in na zauna wani abu zai canja, tunda dabarata ta riga ta ƙare. Duk da haka na zaɓa. Zan iya aika musu saƙo daga gida, amma a inda na tashi ba a mayar da abin arziki ta hannun aike. Na sa kayana na zuwa coci, na shiga jirgin ƙasa zuwa Manchester, na hau tram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Salford, na nemi ofishin. Matar da na tarar mutuniyar kirki ce, ta ba ni kujera, ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Na ce na tabbata, na gode mata. Da na fito sai ga ɗalibai cikin rigar aiki suna wucewa suna dariya, wasu ma ba su kai ni iya ɗaga mara lafiya ba. Na yi kuka a cikin tram har wani dattijo ya miƙo mini tishu. Ya yi mini ciwo, kuma har yau in na tuna yana yi.

Da na dawo na zauna a bakin gadonsa na ce, "Baban Rahila, na je. Sun ce na makara, sun ba wani."

Ya daɗe yana kallona. Kalmar nan da ta fi kowace sauƙi a bakinsa tana nan, ina jiran ta. Bai faɗe ta ba. Ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ko ya yarda ne, ko ya gane ya ƙyale ni, ban sani ba, kuma a shekara goma sha ɗaya da ya ƙara a duniya ba wanda ya sake tayar da zancen a cikinmu. Yaya Jummai kuwa ban iya yi mata wannan ƙaryar ba, don ta san mutane a wurin. Na ce mata ni na bari. Ta ce shi ya roƙe ki. Na ce a'a. Ta ce ai dama ba za ki faɗa ba. Ta yi shekara ba ta taka gidanmu ba, kuma daga nan labarin da kuke ji ya samo asali.

Fushi ne ya ba ni dabara ta biyu. Na hau sama na tarar da ke Rahila kwance da waya, ga babanki a ƙasa yana kallon silin, ga ni na jefar da shekara uku na wahalar karatun yamma. Na sa takalmi na tafi laburaren unguwa, na sa suka nemo mini wani kwafin littafin. Da ya zo na danƙa miki, na zaunar da ke a ɗaya gefen gadon, na ce ki bi ni layi-layi, duk inda na kauce ki gaya wa babanki. Kika ce ba kya jin Hausa. Na ce kina jin ta sarai in ana zancen abinci ko in ana gulmarki. Na fara. Littafin ya ce Balarabe ya sauka a wani tsibiri ya tarar da wani tsoho mai gyaran raga. Ni na ce ya tarar da surukarsa tana suyar ƙosai.

"Mum, that's not what it says."

Na ce, "Ba ni za ki gaya wa ba. Ga shi nan."

"I can't. Za ku... you'll laugh at me. Kowa a church yana dariya."

Na ci gaba da karatu kamar ban ji ki ba. Na ce surukar ta ba shi ƙosai uku da yaji. Babanki ya juyo yana kallonki, ya ga littafi a hannunki, ya gane akwai wani abu. Fuskarki ta yi zafi, kin matse littafin kamar za ki yaga shi.

"Baba," kika ce. "Babu ƙosai. Mama... Mama ƙarya."

Rabin bakinsa mai motsi ya ɗaga, wani sauti ya fito da na manta yana da shi. Dariya yake yi, har da tari. Da ya lafa sai malamin ya tashi. Ya ɗaga yatsa ya nuna ki.

"Ba a ce... wa babba... ƙarya. Ce... Mama ta yi... mantuwa."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun faɗuwarsa, kuma ba ni ya yi wa ba. Kika maimaita, ya girgiza kai, kika sake, ya ce to. Sannan ya tambaye ki, in babu ƙosai, mene ne? Kika yi minti biyar kina neman yadda ake cewa tsoho da raga, kina kwatantawa da hannu, shi yana jefo miki kalmar rabi-rabi, ke kina ƙarasa ta a karkace, yana gyarawa. Yanzu ya sami abin gyara da ba ya ƙarewa. Ni kuwa na zauna da littafi a cinya ina kallon yadda kuka manta da ni.

Haka muka ci sauran littafin duk tsawon hutun nan. Ni in yi mantuwa, ke ki kama ni, shi ya gyara Hausarki. Kika fara saukowa tun kafin in kira ki. Kika fara karanta babin gobe a ɓoye kina tambayata kalmomi a kicin, wai don kada ya same ki da kuskure, ni kuma wani lokaci in ba ki kalmar da ba daidai ba don ya samu. Wannan ma yau kika sani. Turancinsa bai taɓa dawowa yadda yake ba, amma duk hirar da kuka yi da shi bayan nan, da faɗan da ya yi wa mijinki ke Rahila ranar da ya zo gaisuwa, da sunayen da ya raɗa wa jikokinsa, da addu'ar da ya yi miki ke Hannatu ranar da za ki tafi uni, da Hausa aka yi su, kuma kun ji shi ba tare da tafinta ba.

Ranar da muka zo babin ƙarshe, ranar Lahadi ce bayan coci. Na yi shiri sosai, na tanadi mantuwa uku masu kyau. Na jawo kujerata na buɗe littafin, sai babanku ya miƙo hannu ya rufe shi.

"Ke, a'a," ya ce. "Ba a... yarda da ke ba. Rahila za ta karanta."

Na ce, "Au, yau ni ake kora? Ni da na kawo ku tun daga shafin farko?"

"Mama," kika ce, ke Rahila, da Hausa, ba ki ko duba littafi ba, "ki je ki huta. Mu za mu ƙarasa."

Na tashi ina mita don kada ku ga fuskata, na ja muku ƙofa, na shiga kicin. Na ɗora ruwa a wuta sannan na kashe, don ƙararsa tana hana ni ji. Ta bango ba a jin kalmomi, muryoyi kawai ake ji. Ɗaya tana tafiya tana tuntuɓe, ɗayar tana tare ta, su yi shiru, su sake farawa, wani lokaci su yi gardama. Babin da zan gama a minti ashirin ya ɗauke ku fiye da awa biyu. Na tsaya a jikin sink ɗin wanke-wanke duk tsawon lokacin, ban wanke ko cokali ba, kuma ban taɓa jin girman kaina irin na wannan yammacin ba, ko ranar da takardar gurbin ta fara zuwa.

Har yau ban karanta wannan babin ba. Ba nawa ba ne. Ban san yadda Balaraben ya ƙare ba, kuma kada wadda ta gaya mini.